Gwangwani na Uku

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Afrilu na shekarar 1977, mutum goma sha ɗaya ne suka zo kallon majigi a filin da ke bayan kasuwar Wudil. Na tabbatar da adadin, domin ni ne mutum na tara a cikinsu. Biyu barci suka zo yi, saboda zafin bazara ya hana zaman ɗaki. Ɗaya makaho ne mai son muryar mai sharhi. Inna Hansai ƙosai ta kawo sayarwa, ta kuma koma gida da shi kusan yadda ta kawo. Na goma sha ɗayan shi ne Malam Dattijo Wali, jami'in da ma'aikata ta aiko daga Kano domin ya duba ko har yanzu majigi yana da amfani.

Wajibi ne in yi bayani saboda waɗanda ba su riski zamanin ba. Majigi mota ce ta gwamnati mai ɗauke da janareta, da injin haska fim, da farin ƙyalle da ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu bayan magariba. Ba a barin fim ya yi magana da kansa. Kashe sautinsa ake yi, mai sharhi ya riƙe makirufo ya faɗa wa jama'a da Hausa abin da idonsu yake gani. Mai sharhin Wudil shi ne Sharhabilu, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi gyaran murya a lasifika karnukan hayin kogi sukan amsa. Direbansa, wanda kuma shi ne mai kula da inji, wani dattijo ne marar yawan magana mai suna Haladu. Ni kuwa a lokacin ina koyar da tarihi a wata makaranta a garin.

An yi zamanin da Sharhabilu yakan tara mutum dubu. Amma kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka yi ƙarin albashin Udoji, samari suka sayi babura suna tafiya Kano kallon fim ɗin Indiya, Alhaji Bilya ɗan kwangila ya ajiye talabijin a zaurensa. Majigi kuwa fim ɗaya tak ya rage masa mai lafiya, na takin zamani, wanda aka shekara shida ana nunawa. Ga abin da ke cikinsa. Wani manomi mai jar hula yana tafe a gefen kogi, fartanya a kafaɗa, jaki a bayansa. Ya tsaya ya wanke hannu, ya waiwayo ya zare wa mai ɗaukar hoto ido kamar wanda aka kama da sata, ya shiga gonar masara, ya tona ɗan rami, ya auna taki da murfin kwalba, ya zuba, ya rufe. Shi ke nan. Har awakin Wudil sun san daidai inda jakin yake kaɗa kunne.

Da aka tashi a wannan Alhamis, Malam Dattijo ya kira Sharhabilu gefe. Ina kusa, na ji.

"Malam Sharhabilu, ba ni da wata ƙiyayya da kai," in ji shi. "Zan dawo ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu. In ban tarar da mutum ɗari biyu sun zauna sun kalli fim ɗin takin nan har ƙarshensa ba, mota za ta koma Kano, kai kuma an tanadar maka gurbi a sito."

"Ranka ya daɗe, a sito da wa zan yi magana?"

"Akwai buhuna," in ji Malam Dattijo, ya shiga motarsa.

Duk wanda ya san Sharhabilu ya san cewa wannan hukuncin kisa ne da aka lulluɓe da takardar canjin aiki. Mutum ne da ba ya iya cin tuwo ba tare da ya yi wa kwanon sharhi ba.

Yana da ƙa'idoji uku a sana'arsa, kuma dukansu suna da hannu a abin da ya biyo baya. Ta farko, ba ya taɓa kallon fim kafin ya nuna shi. Ta biyu, ba ya yin shiru muddin ƙyalle yana da haske. Ta uku, kowane fim yakan buɗe shi da kalmomi iri ɗaya: "Jama'a, gwamnati tana gaishe ku, ta kuma ce a nuna muku abin da take nufin yi muku." Shekaru da yawa wannan magana gaskiya ce. An nuna rigakafin agana, aka zo aka yi. An nuna sabon kuɗi, aka zo aka canza. Mutanen Wudil sun saba cewa abin da ya fito a ƙyallen gwamnati yana nan tafe a hanya, sai dai ya yi jinkiri.

A makon da ya biyo baya wata babbar mota ta sauke akwatunan katako a harabar ofishin ma'aikatar da ke Wudil, ɗauke da injinan ban ruwa da aka sayo daga Japan saboda masu noman rani. A cikin akwati ɗaya aka sami gwangwanayen fim guda biyu, jikinsu cike da rubutun da ba wanda ya iya karantawa, sai dai ɗaya yana da layi guda a murfinsa, ɗayan yana da layi biyu. Daga Kano an riga an aiko cewa kamfanin zai haɗo da fim mai koyar da yadda ake tayar da injin.

"Mu ɗan haska shi a gareji mu gani," in ji Haladu.

"Baba Haladu, ni ba na ba jama'a ɗumame," in ji Sharhabilu. "Yadda za su gan shi da zafinsa, haka ni ma zan gan shi."

Aka nuna shi ranar Juma'a, ranar kasuwa. Jin an sami sabon fim ya jawo kamar mutum arba'in, galibinsu dillalan shanu da suka rasa motar komawa gida. Sharhabilu ya yi gyaran murya, ya isar da gaisuwar gwamnati da abin da take nufin yi, Haladu ya kunna inji.

Abin da ya fito ba hoton mutane ba ne. Zane ne mai motsi, mai launi irin wanda ba mu taɓa gani ba. Wani gari ne na benaye masu tsini da suka huda sama, saman kuma baƙi ƙirin da hayaƙi, rana a cikinsa kamar tsohon kwabo. Motoci suna tafiya a iska ba ƙafa. A tsakiyar garin ga wani faffaɗan kwari busasshe, ƙasarsa ta tsattsage.

Na ga Sharhabilu ya waiwayi Haladu. Amma ƙyalle yana da haske, ƙa'ida kuma ƙa'ida ce.

"To, jama'a," in ji shi. "Wannan Wudil ce."

"Wace Wudil?" wani dillali ya tambaya.

"Wudil ta shekarar dubu biyu. Ga kasuwa can, hawa tamanin. Kara, kasuwar shanu, tana hawa na sittin."

"Shanun ta ina za su hau?"

"An yi musu tanadi, Alhaji, ka bar gaggawa."

"Ina gada?"

"An ɗauke ta. Ba ka ga ba ruwan da za a tsallake ba?"

Haladu ya raɗa masa cewa har yanzu bai ga injin ban ruwa ba. Sharhabilu ya rufe makirufo da hannu ya ce yana tafe. Sai ga waɗansu samudawan ƙarfe, kowanne ya fi rimi tsawo, ido ɗaya ja a goshi, suna takawa a titi mutane suna gudu da takunkumi a fuska suna shigewa ramuka.

"Waɗannan su ne 'yan doka na sabon tsari," in ji Sharhabilu. "Ba sa cin goro, ba sa jin magiya."

Wata ƙatuwar fuska marar jiki ta bayyana a bangon kowane bene lokaci ɗaya, bakinta yana motsi.

"Ga ciyaman nan. Ba ya zuwa ofis, sai dai a gan shi a bango."

Nan aka yi dariyar farko. Amma dariyar ta tsaya da aka shiga ƙarƙashin ƙasa, inda mutane suke layi ana ɗiga musu ruwa a cokali. A ƙarshen layin ga wata yarinya mai koren gashi da manyan idanu. Da aka ɗiga mata nata ba ta sha ba. Ta kai shi wani lungu, ta buɗe murfin wata kwalba da ta ɓoye a cikin rigarta, ta zuba. A cikin kwalbar akwai ɗan kifi guda ɗaya.

Inna Hansai ta bar kaskonta ta matso. "Ɗan nan, wace ce wannan?"

"Safara'u ke nan, Inna. Marainiya ce. Kifin nan shi kaɗai ya rage a ƙasar Kano, kogi take nema ta sake shi."

"Ya idonta kamar faranti?"

"Rashin barci ne. Ke in a garin nan kike, kya runtsa?"

"Gashin fa?"

"Shanu suna hawa na sittin, Inna, ina za ta sami man kitso?"

Gwangwani na biyu gudu ne daga farko har ƙarshe. Safara'u ta fito daga rami, samudawa suka bi ta, benaye suna rushewa, gari yana ci da wuta, har ta kai ga wata katanga da ta kewaye garin, wadda ba a ganin samanta. Ta jingina da ita, ta rungume kwalbarta. Wani hannun ƙarfe mai girman rumbu ya fara saukowa a kanta. Sai zaren fim ya ƙare, ƙyalle ya yi fari fat.

"Sai me?" in ji Inna Hansai.

"Sai gwamnati ta aiko da ragowar," in ji Sharhabilu.

Washegari mutum ɗari uku suka zo. Bayan mako guda sai da aka ɗaga sandunan ƙyalle saboda na baya. Mutane suka riƙa zuwa a ƙafa daga Indabo da Ɗankaza. Samarin da ke tafiya Kano suka fasa, talabijin ɗin Alhaji Bilya ya koma yana yi wa tabarmi magana.

A matsayina na malami na ga ya zama dole in gyara. Na gane rubutun gwangwanayen na Japanawa ne, na kuma fahimci cewa labari ne ƙirƙirarre da wani ma'aikaci a can ya saka a akwatinmu bisa kuskure. Na faɗi haka a majalisar ƙofar masallaci. Aka saurare ni cikin ladabi, sannan wani tsoho ya ce, "Malam, in ƙirƙira ce, me ya sa aka kawo shi a motar gwamnati, da man gwamnati?"

Masunta suka rabu gida biyu a kan kifin, waɗansu suka ce karfasa ce, waɗansu suka ce ɗan tarwaɗa ne da wahala ta canza wa kama, har aka kai maganar gaban sarkin ruwa, shi kuma ya ce sai ya ga ƙarshen fim. 'Yan mata suka fara jiƙa zaren kitso a ruwan ganye. Alhaji Bilya kuwa ya je gidan Sharhabilu da rago.

"Malam Sharhabilu, tsakanina da kai," in ji shi, "rushewar nan wa aka ba?"

"Wace rushewa, Alhaji?"

"Ta benayen. Ginin na san manyan Legas sun riga sun raba. Amma rushewa ai aikin 'yan gida ne."

"Ba a fitar da tandar kwangilar ba tukuna."

"To hayaƙin fa? Ina da tsofaffin tayoyi cike da kango, in aka ba ni sama, cikin wata uku zan baƙanta ta."

Sharhabilu ya ce zai yi magana a inda ya dace, ya kuma karɓi ragon, domin mayar da kyauta rashin kunya ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farin cikin mutane. An nuna musu garinsu ya ƙone, koginsu ya ƙafe, jikokinsu suna shan ruwa a cokali, amma suna fitowa daga filin fuska a sake kamar waɗanda suka dawo daga walima. Na tambayi Isyaku, wani manomin Indabo da ya kalla sau bakwai, wanda kuma ya riga ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin gonarsa, maƙwabtansa suna kwaikwayonsa.

"Malam," in ji shi, "tun da kuɗin man nan ya zo, duk wanda ya hau mota da lasifika cewa yake gobe kowa zai yi mota, kowa zai yi bene. Ni kuwa in na kwanta, abin da nake gani shi ne kogin nan ya janye, 'ya'yana sun tafi birni sun bar ni da jaki. Da na ɗauka ni kaɗai ne mai wannan ciwo. Ashe gwamnati ma tana ganinsa, nata ma har da launi."

"To ba ka jin tsoro?"

"Ina ji mana. Amma tsoron da aka ji tare da mutum ɗari biyar, ga ƙosai, ai ba irin na cikin ɗaki ba ne."

Da Sharhabilu ya tsira ke nan, in ba don abu biyu ba. Na farko, Malam Dattijo fim ɗin taki ya ce, ba wani ba, kuma duk ranar da Haladu ya gwada sa shi filin yakan watse kafin jaki ya kai bakin kogi. Na biyu, Inna Hansai. A tsakiyar watan Mayu ta tsaya a gaban ƙyalle da matsamin ƙosai a hannu.

"Ɗan nan, na gaji," in ji ta. "Kullum hannun nan yana saukowa, kullum ba ya isowa. Jiya na zuba gishiri a koko saboda tunanin yarinyar nan. Ko ka kawo mana ƙarshe, ko mu bar maka filinka."

"Inna, gwamnati tana da ayyuka da yawa."

"To mu ma muna da su."

Ta ɗauke kaskonta. Mata suka bi ta, yara suka bi mata, maza suka zauna kwana biyu ba ƙosai sannan su ma suka bi. Kafin mako ya zagayo an koma makaho da masu barci.

Sharhabilu da Haladu suka kwashe yini biyu suna ɓalle sauran akwatunan ɗaya bayan ɗaya, suna neman gwangwani mai layi uku. Suka sami injina, da tiyo, da ƙusoshi, da busasshiyar ciyawar da aka cusa don kada kaya su fashe. Gwangwani babu. Duk da haka, ranar Alhamis jajiberin zuwan Malam Dattijo, sai aka ji sanƙira yana zagaya gari yana shela cewa ƙarshen labarin Safara'u ya iso, gobe bayan magariba.

"Wane ƙarshe?" Haladu ya tambaye shi.

"Ban sani ba, Baba. Ka san ba na kallo kafin jama'a."

Ranar Juma'a, ashirin da bakwai ga Mayu, na yi niyyar ƙidaya mahalarta amma na haƙura. Har kan rassan darbejiya akwai mutane, masunta kuma sun jera a gaba, ɓangaren karfasa dama, ɓangaren tarwaɗa hagu. An ajiye wa Malam Dattijo kujera kusa da tawa. Ya dubi taron, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Duk taki suka zo kallo?" ya tambayi Sharhabilu.

"Akwai ɗan share fage, ranka ya daɗe."

Aka fara. Malam Dattijo ya kalli benaye, ya kalli samudawa, ya ji an ce Wudil ce ta shekarar dubu biyu. Da fuskar ciyaman ta fito a bango, ya karkato wajena.

"Malam, wannan daga Legas aka aiko shi?"

Na gaya masa gaskiya, cewa daga Japan yake, a cikin akwatin injina. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne," in ji shi. "Na san da maganar. An tattauna a sama."

Gwangwani na biyu ya ƙare inda ya saba ƙarewa. Hannu yana saukowa, Safara'u ta rungume kwalba, ƙyalle ya yi fari. A karo na farko tun da na san shi, na ga haske a ƙyalle Sharhabilu kuma bai ce uffan ba. A gabansa dubban mutane suna jiran ƙarshen da ba shi da shi, a gefensa jami'i yana jiran taki, a cikin akwatin mota kuma gwangwani ɗaya ne ya rage.

"Me zan sa?" in ji Haladu.

"Me ya rage?"

"Ka san abin da ya rage."

"Sa shi."

Haladu ya ja hularsa ya rufe kunnuwa, ya ɗaura zaren, ya kunna. Ga manomi mai jar hula, ga fartanya, ga jaki.

"Jakin nan ne!" wani ya yi ihu daga kan bishiya. Guna-guni ya tashi kamar an taɓa gidan rina. Wani takalmi ya wuce ta saman kaina ya bugi ƙyalle.

Sharhabilu ya kai makirufo bakinsa. Bai ɗaga murya ba, sauke ta ya yi, har sai da mutane suka yi shiru don su ji.

"Bayan shekara ɗari," in ji shi.

Sannan ya ce, "Ku bar kallon jaki. Mene ne wancan a hagunsa?"

"Kogi ne," in ji wata murya.

"Da me a ciki?"

Shekara shida muna ganin kogin nan a ƙyalle, ban tsammanin akwai wanda ya taɓa dubansa. Amma yanzu mun fito daga awa guda ta hayaƙi da cokali. Manomin ya durƙusa ya tsoma hannu biyu, ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunsa yana komawa.

"Ku duba," in ji Sharhabilu. "Wanke hannu yake yi. Ba layi, ba awo, ragowar ma zubar da ita yake yi."

Wata mata a bayana ta fara salati.

"Safara'u fa?" Inna Hansai ta tambaya. "Ina ka kai mini ita?"

"Ta tsallake katanga, Inna, ta rayu, ta tsufa, ta cika da imani. Wannan jikanta ne."

"Ƙarya kake, ɗan nan."

Daidai nan manomin ya waiwayo ya zare ido, kamar yadda ya saba yi shekara shida.

"Wayyo, idonta ne!" in ji Inna Hansai, ta zauna a ƙasa.

"Kifin fa?" sarkin ruwa ya tambaya.

"Yana ciki, ranka ya daɗe. Ya hayayyafa. Rabin 'ya'yan karfasa, rabi tarwaɗa."

Masunta na dama da na hagu suka yi kabbara tare.

"To ƙaton ƙarfen da ya kawo hannu?" Isyaku ya ɗaga murya daga tsakiya.

"Malam Isyaku, fartanyar da ke kafaɗar bawan Allahn nan, da me kake tsammani maƙera suka ƙera ta?"

Daga nan sharhin ya kuɓuce daga hannun Sharhabilu, jama'a suka karɓe shi. Da aka shiga gonar masara, wata yarinya ta ce ga gashinta can ya tsiro. Da jaki ya kaɗa kunne aka yi masa tafi. Da manomin ya zaro murfin kwalba zai auna taki, Inna Hansai ta miƙe tsaye ta ce wallahi murfin kwalbar kifin ne, gadon kakarsa, duk wanda ya musa bai da ido. Mutane suka bi hannunsa da kallo yana tona rami, yana zubawa, yana rufewa, kamar ana saka jariri a zanen goyo. Ba wanda ya motsa har ƙyalle ya yi fari.

Mutum ɗaya ne bai gamsu ba. Alhaji Bilya ya ratso taro yana riƙe da babbar rigarsa.

"Yanzu duk benayen nan, da motocin iska, da hayaƙin da na riga na tara wa taya, a fartanya za a ƙare?"

"Haka shirin ya nuna, Alhaji."

"To a ba ni kwangilar jakin."

Malam Dattijo ya daɗe a kujerarsa yana goge tabarau, ko da yake na lura ba tabarau ɗin ne ya jiƙe ba. Daga bisani ya kira Sharhabilu.

"Me ya sa ba a taɓa gaya mini cewa fim ɗin nan kashi uku ne ba?"

"Ranka ya daɗe, na ukun ne ya riga sauran isowa da shekara shida."

"Haka aikin Legas yake," in ji Malam Dattijo. "Ka riƙe motarka. Sito zan nemi mai ƙarancin magana."

Washegari buhunan takin da suka shekara biyu a sito suka ƙare kafin azahar, kuma kusan kowane manomi ya zo da murfin kwalbarsa a aljihu.

Na sha tunanin cewa in gwangwanayen Safara'u sun zo Wudil, to fim ɗin injin ban ruwa ya tafi wani wuri, kuma mai yiwuwa akwai wani gari a Japan da yara suka sayi tikiti suka zauna ana koya musu yadda ake zuba baƙin mai. Ba ni da hujja a kan wannan, don haka ban sa shi a cikin abin da na tabbatar ba.

Abin da na tabbatar shi ne wannan. Injinan sun kwana a akwatunansu har rani na gaba, lokacin da wani makanikin babura ya gano yadda ake tayar da su. Sharhabilu ya ci gaba da nuna gwangwanayen uku a jere, daga Wudil har ƙauyukan Ɗankaza, zuwa shekarar 1983 da injin motar ya buga aka rasa kayan gyara. Ramukan da aka haƙa a Indabo ba a cike su ba, albasa ake ajiyewa a ciki.